Amsa: Wane gari za mu zaɓa da ƙananan yara?

Maman yara, kin ce an ba maigida zaɓi tsakanin ƙananan garuruwa biyu, ga yara ba su kai shekara 5 ba. Ni dai da asibiti zan fara. Zazzaɓin yaro ba ya jiran gari ya waye, don haka ki bincika wanne ke da likitan yara da dare, kuma minti nawa za ku yi kafin ku isa. Sai makaranta: kusancinta ya fi kyan gininta, ɗan shekara 4 ba zai jure doguwar tafiya kullum ba. Ruwan sha fa? Matan unguwa za ki tambaya, dillali ba zai gaya miki gaskiya ba. In da hali, ku kwana biyu a kowanne gari, a ranakun aiki.