Ciwon dajin ɓargo: shin maganin garkuwar jiki na warkar da shi?

Tambaya: Likita, an gano mahaifina yana da ciwon dajin ɓargo mai suna mayeloma, bayan ya daɗe yana fama da ciwon baya da ƙarancin jini. Na ji akwai maganin da ke sa garkuwar jiki ta cinye cutar. Shin yana warkarwa, kuma ya dace mu sayar da gona mu fita da shi waje? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Mayeloma yana tasowa ne daga ƙwayoyin cikin ɓargo waɗanda aikinsu haɗa sinadaran yaƙi da cututtuka, kuma idan suka yawaita ba ƙa'ida sai su zaizaye ƙashi, su hana jini haɗuwa, su kuma lalata ƙoda.

Maganin da kika ji labarinsa ba ɗaya ba ne. Akwai daratumumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015. Yana manne wa wani furotin mai suna CD38 a jikin ƙwayar ciwon dajin, ya yi mata alama domin garkuwar jiki ta far mata, kuma yanzu ana haɗa shi da wasu magunguna tun farkon jinya. Sai CAR-T, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalin jama'a: ana zaro wasu fararen ƙwayoyin jini daga majinyaci, a sauya musu halitta a ɗakin bincike yadda za su gane wani furotin mai suna BCMA da ke jikin ƙwayar ciwon dajin, a yawaita su, sannan a mayar masa da su ta jijiya. An amince da CAR-T na farko na mayeloma a 2021, na biyu a 2022, shekarar da teclistamab ma ya fito, wato allurar da ke kamo ƙwayar garkuwa ta haɗa ta da ƙwayar ciwon dajin.

Waɗannan magunguna kan kwantar da cutar na shekaru ga wasu, amma ga mafi yawan majinyata takan dawo, don haka babu likitan kirki da zai yi miki alƙawarin waraka. CAR-T da teclistamab na waɗanda cutar ta dawo musu ne bayan wani magani, suna kuma iya jawo zazzaɓi mai zafi, faɗuwar jini, ruɗewa da kamuwa da cututtuka. Kuɗin CAR-T kaɗai ya haura dala 400,000 a Amurka.

A ganina kada ku taɓa gonar tukuna. Ku zauna da likitan jini a asibitin koyarwa, domin haɗin bortezomib, thalidomide da dexamethasone yana samuwa a Najeriya, kuma da shi ake farawa ga mutane da yawa. Idan za a ba Baba daratumumab, a fara yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, saboda maganin na iya tayar da shi. Masu tallar kwalaben "ƙara garkuwar jiki" kuwa, hajarsu ba ta da alaƙa da waɗannan magunguna, kuma wasu jiƙe-jiƙen na ƙara wa ƙodar mai mayeloma rauni.