Amsa kan ƙarin fitila a gaban mota

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa mai tambayar ko doka ta yarda ka ɗaura dogon LED ɗin nan, wato doguwar fitilar nan mai farin haske, a gaban Sharon ɗinka saboda tafiyar dare, ni dai na daɗe ina bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma shawarata kar ka yi gaggawa.

A ƙa'idar hanya dole ka rage haske in mota na tahowa ta gabanka, to shi wannan dogon ba shi da dim, kunnawa ko kashewa kawai ake yi, in an kunna watsa haske kawai yake ko'ina, shi yasa 'yan Road Safety da VIO ba sa ɗaga ƙafa a kansa, sun sha tare manyan motoci su sa a cire shi. Ja da shuɗi masu walƙiya kuwa kar ma ka fara, na 'yan sanda ne da motar asibiti da 'yan kwana-kwana.

Kuma ka duba, hanyar da ba a raba ta biyu ba, in ka kashe wa direban tirela ido wallahi kanka zai yo, ko ya rama da nasa ful ɗin da ya fi naka, sai ku wuce juna kowa a makance, ga masu mashin a gefen titi ba ko danja. Lokacin hazo kuma farin hasken dawo maka yake a ido, ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa a ƙasan bamba sun fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Ni lokacin da hasken motata ya yi rauni ban ƙara komai ba, gilashin fitilar ne ya dafe, aka goge shi aka canza ƙwai aka haska su a jikin bango aka saita su, shikenan. Fara da wannan tukuna.

In kuma dole sai ka sa, toh ka samu mai wayarin da ya san aiki ya haɗa da rila (makunnin da ke ɗaukar wuta mai yawa) da fiyus (abin da ke yanke wuta in ta yi yawa) nasa daban, don mai wat 120 yana jan wajen amfiya 10, siririyar waya zafi za ta ɗauka ta narke. Ya haɗa shi ta yadda ba zai kama ba sai kana ful, da ka yi dim ya mutu, a cikin gari kuma ka sa masa murfi. Ko a haka ɗin ma in sun tare ka suna iya cewa ka cire.