Me Ya Rusa Mulkin Sifaniya a Nahiyar Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sifaniya ta shafe kusan shekara 300 tana mulkin mallaka tun daga Meziko har Ajantina, amma cikin shekara 15 yawancin ƙasashen suka kuɓuce mata. Ta yaya? Daga wani ɗalibin tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fushin ya daɗe yana ci a ƙasa. Sarki na karɓar humusin duk azurfar da aka haƙo. A dutsen azurfa na Potosi (a Boliviya ta yau), wanda aka gano a 1545, kowace shekara ana tilasta wa ɗaya daga cikin kowane magidanta bakwai na 'yan asalin yankin shiga rami. Jikokin Turawan da aka haifa a can kuma suna da gonaki da dukiya, amma manyan muƙamai sai wanda aka turo daga Sifaniya, an kuma hana su ciniki da wata ƙasa.

Sai dai fushi kaɗai bai kayar da daular ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1808 Napoleon, sarkin Faransa, ya tsare Sarki Fernando na Bakwai na Sifaniya, ya ɗora nasa ɗan'uwan, Joseph, a gadon sarauta. To, wa wakilan sarki ke wakilta? A 1810 manyan gari a Karakas, Buenos Aires, Bogota da Santiago suka kafa majalisun riƙo. Lura da kyau: da sunan Fernando suka yi rantsuwa, ba su ce sun ɓalle ba.

Fernando ne da kansa ya ɓata lamarin. Da ya dawo a 1814, ya soke kundin tsarin mulkin 1812 da ya rage ikon sarki, ya tura Janar Morillo Kudancin Amurka da dakaru kimanin 10,000. Kashe-kashen da suka biyo baya suka tura masu ɗari-ɗari wajen Simon Bolivar, jagoran masu neman 'yanci. A 1820 rundunar da ke shirin tasowa daga Kadiz ta Sifaniya ta yi bore, agaji ya yanke. Ranar 9 ga Disamba, 1824, Janar Sucre, kwamandan Bolivar, ya murƙushe sojojin sarki a Ayakucho ta ƙasar Peru.

Tambaya: Me ya sa Kyuba ba ta bi sahu ba? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, masu gonakin rake na can sun ga yadda bayi suka ƙwace Haiti a 1804. Tsoron bayinsu ya fi ƙin sarki ƙarfi a zukatansu, suka riƙe sojojin Sifaniya gam. Sai a 1898, bayan yaƙi da Amurka, Sifaniya ta fita.