Haɗarin kumbo: ƙaddara ce ko akwai alhaki a wuyan wani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibin injiniyanci ne. An koya mana labarin kumbon Challenger na Amurka, aka ce kuskuren mutane ne ya halaka waɗanda ke ciki. Abokina ya ce kwanansu ne ya ƙare, ba laifin kowa. Mene ne hukuncin shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya faɗi gaskiya a rabin farko, ya kuskure a rabi na biyu. Ajali ba ya gaba ba ya baya, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce: muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mu duba abin da ya faru. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka rasu, cikinsu har da malamar makaranta. Musabbabin zoben roba ne da ke toshe mahaɗar roka. Sanyi ya sandarar da shi, iskar wuta ta samu kafa. Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne, daren jajiberin tashin, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar, irin su Roger Boisjoly, sun ce kada a harba in zafin yanayi ya gaza maki 12 a ma'aunin Celsius. Da safe kuwa yana wajen maki 2. Shugabanninsu suka keɓe, suka sauya shawarar, suka sa hannu.

Don haka mutanen ba hukuncinsu ɗaya ba. Injiniyan da ya yi gargaɗi ya sauke amana. Wanda ya bi ƙa'idar aikinsa, sannan abin da ilimi bai kai gare shi ba ya auku, babu lamuni a kansa, wato ba zai biya diyya ba, kamar ƙwararren likita da bai yi sakaci ba. Amma wanda masana suka ce masa akwai haɗari, ya take maganarsu don gudun jinkiri, ya yi sakaci, kuma ya zama sababin kisa.

Ƙisasi bai hau kansa ba, tunda bai nufi kashe kowa ba. Hukuncinsa na kisan kuskure ne da ke aya ta 92 a Suratun Nisa'i: diyya ga magada, da kaffarar 'yanta bawa mumini, in babu sai azumin wata biyu a jere. Diyyar tana kan dangin da ke ɗaukar masa nauyi, kuma malaman zamani da dama sun ɗora kamfani ko hukumar da ta ɗauke shi aiki a wannan matsayi. Kaffara kuwa tasa ce shi kaɗai. Malikawa sun wajabta ta a kan wanda ya zama sababi idan mamacin Musulmi ne. Hanafawa ba su wajabta masa ba.

Kada hadisin ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa ya ruɗe ka. Zunubi aka ɗauke, haƙƙin magada yana nan. Kuma wanda aka faɗakar ya ƙi ji, a ganina bai tsira daga zunubin ganganci ba, sai ya tuba. Tantance wa ya yi sakaci kuwa aikin alƙali ne bayan ya saurari masana fannin. Wallahu a'alam.