Kada Ka Sayi Bawul Ɗin EGR Tukuna

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce an kawo tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur, fitilar injin tana kunne, ka jona na'ura ta nuna maka lambar matsala P0401, ka goge lambar, bayan kwana biyu ta dawo, yanzu kuma kana neman izinina ka ce wa mai motar ya sayo sabon bawul ɗin EGR. Ban ba ka izini ba. Da wata tambayar ce da na bar ka ka yi ta fama har hannunka ya koya maka, amma wannan lambar ta taɓa cinye mini kuɗi ta zubar mini da mutunci, kuma har yau raina yana ɓaci idan na gan ta a fuskar na'ura.

Abin da P0401 take faɗa shi ne hayaƙin da ya kamata ya koma cikin injin bai kai yawan da kwamfutar mota take tsammani ba. Ba ta ce bawul ya mutu ba. Aikin EGR shi ne ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone ya mayar da shi hanyar shigar iska, domin ya rage zafin wutar cikin silinda, tun da idan zafin ya haura kimanin digiri 1,370 na Salshiyos, nitirojin da oksijin na iska suna haɗuwa su zama guba mai fita ta salansa. Tun 1996 da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota take bayyana matsala da lamba, irin wannan lamba ta zama iri ɗaya a kowace mota mai wannan tsari, kuma daga nan ne yaran zamani suka ɗauka cewa na'ura ce bakanike, su kuma masu kwance noti ne kawai. Kuna karanta lamba, ku buɗe waya ku kalli bidiyon minti uku, ku aika a sayo kaya. Babu mai son ya tsaya ya saurari injin.

Ni ma gaggawa ta taɓa kai ni inda take shirin kai ka. Wani mutum ya kawo mini a-kori-kurar Ford mai injin V8 na lita 4.6, da wannan lamba ɗin. Ya zo da fara'a, ya ce ya ji labarin hannuna, ya kuma rantse mini cewa wani bakanike ya riga ya wanke duk hanyoyin hayaƙin tas, saboda haka bawul kawai ya rage. A ranar aiki ya yi mini yawa, sai na ɗauki maganarsa. Ya ce ba ya riƙe da kuɗi, in saya daga aljihuna zai biya gaba ɗaya idan ya zo ɗaukar mota. Na sayi bawul na ɗaura, na goge lamba, ya tafi. Kwamfuta ba ta kunna fitilar sai ta ga matsalar a tafiya biyu a jere, saboda haka sai a rana ta uku ya dawo yana huci. Na ce to sensa ce, wato DPFE, wadda take auna bambancin ƙarfin hayaƙi ta tiyo biyu da ke jone da bututun EGR, kuma kowa ya san tana yawan mutuwa a waɗannan motoci saboda danshin hayaƙi yana cin cikinta. Na sayi sensa, na haɗa da solinoyid ɗin da yake ba bawul umarnin buɗewa, duk da kuɗina. Fitila ta sake dawowa.

A karo na uku ne na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na tayar da injin ya yi zafi, na bar shi a sulo, na jona famfon hannu mai zuƙar iska a kan bawul ɗin na matsa. Ina kallon sandar bawul tana ɗagawa, amma injin ko gezau bai yi ba. Na kwance bututun daga ƙasa, inda ya haɗu da manifol ɗin salansa, nocin ya yi tsatsa har sai da na gasa shi da wuta, hannuna ya ƙuje a jikin ƙarfe. Da na leƙa sai na ga wani falallen ƙarfe da aka yanka daidai faɗin bakin bututun aka cusa aka ɗaure. Ba kunkunniya ce ta toshe hanyar ba, mutum ne ya toshe ta da gangan. Da na ɗora wa mai motar ƙarfen a tafin hannu bai ko yi mamaki ba. Ashe tsohon bawul ɗin ya maƙale a buɗe, motar tana mutuwa a sulo, shi ne ya sa aka toshe masa, yanzu kuma yana so ya sayar da motar, fitilar tana korar masu saye. Ya san gaskiya tun ranar da ya shigo garejina, ya tsaya yana kallona ina zuba kuɗi. Ya ce ba zai biya kayan da bai ce in canza ba, har da bawul ɗin da shi da bakinsa ya nema. Ya tafi da mota a gyare da kaya uku sababbi, sannan ya bi gari yana cewa na kasa gano matsala sau biyu. Kuɗin ya kai ribar aikina ta mako biyu, amma maganar da ya yaɗa ta fi kuɗin yi mini ciwo, domin akwai waɗanda suka daina kawo mini mota saboda ita. Ban yafe masa ba, kuma ban manta cewa gwajin minti biyar ne na tsallake ba.

Saboda haka da wannan gwajin za ka fara. Ba zan tsaya ina gaya maka ka duba tiyo da ya tsage ko soket da ya zare ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sifana ba. Idan ka zuƙe iskar bawul a sulo injin ya girgiza ko ya mutu, to bawul yana buɗewa kuma hanya a buɗe take, sai ka koma kan abin da yake ba shi umarni da abin da yake auna shi, wato solinoyid da sensa. Idan famfon bai riƙe zuƙon ba, robar cikin bawul ta fashe, a nan ne kaɗai za ka yi maganar sabo. Idan kuwa bawul ya ɗaga amma injin bai canza murya ba, hanya ce a toshe, kuma a tsohuwar mota wannan ya fi yawa. A irin wannan injin na Ford kunkunniya tana taruwa a cikin gwiwar hanyar shigar iska da ke bayan totur, ta daskare kamar dutse, feshi daga waje ba ya taɓa ta, sai ka kwance gwiwar ka ƙwaƙule ramukan da waya mai ƙarfi har haske ya ratsa. Ka kwance bututun har ƙasa ka hura shi da kanka, ko da mai motar ya rantse maka an wanke.

Idan hanya lafiya take, ka ɗauki mita mai auna wutar lantarki. DPFE tana karɓar bolt 5 daga kwamfuta, kuma idan makulli yana kunne injin a kashe, wayar saƙonta tana nuna kusan rabin bolt a tsohuwar ta alminiyom, ko kusan bolt 1 a ta roba. Idan ka buɗe bawul injin yana aiki, dole adadin ya hau, idan ya tsaya wuri ɗaya sensa ce ko tiyonta. Motocin kamfanin GM (General Motors) masu bawul na lantarki ba su da wannan sensa, kwamfutarsu tana buɗe bawul lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ta duba ko sensar MAP, mai auna ƙarfin iska a hanyar shigar iska, ta ga canji, saboda haka ka san motar da ke gabanka kafin ka nemi abin da babu shi a jikinta.

Kada kuma wani ya ruɗe ka ka toshe hanyar don a huta. Injin fetur da aka hana wa EGR yana ƙara zafi a ciki, za ka ji yana ƙaras-ƙaras idan ya ɗauki kaya ko yana hawan tudu, kuma wannan ƙarar tana cin fistin a hankali.

Gobe da safe ka ɗauki famfon a akwatina, ka yi gwajin a gabana, kuma kada ka kira mai motar sai mun ji abin da injin ya yi.