Raƙumina ya ƙi durƙusawa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo raƙumi ɗan shekara uku daga kasuwar Maigatari, na kawo shi Jos don yara su riƙa hawa lokacin sallah. Yana bin akala lafiya lau, amma in na ce ya durƙusa sai ya yi ta gurnani yana ja da baya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kira wanda ya sayar maka ka tambaye shi sautin da ya saba yi masa. Raƙuman da ake kawowa Maigatari da Mai'adua da Illela da yawansu daga Nijar suke, kuma wasu an riga an fara horar da su. Mai yiwuwa naka ya iya, maganarka ce bai gane ba.

Sannan dubi wurin da kake so ya kwanta. Raƙumi da gwiwoyin gaba yake fara sauka, sai ya naɗe ƙafafun baya, ya ɗora nauyinsa a kan kantar da ke ƙirjinsa. Dabbar da ta taso a rairayi ba za ta yarda ta buga gwiwa a tsakuwar Jos ko a siminti ba, kuma da gaskiyarta. Zuba yashi mai kauri a wuri busasshe, can za ku yi karatun.

Ku zama mutum biyu. Ka tsaya gefen kafaɗarsa, ba gaban bakinsa ba. Zaɓi sauti guda, kada ka sauya shi. Kana yin sautin kana jan akala ƙasa a hankali, abokin aikinka yana ɗan taɓa ƙafar gaba da sanda, ƙasa da gwiwa. In ya ƙi, a ɗaura igiya mai laushi a ƙafar gaba ɗaya, a naɗe ta sama, a jira. Ba a fizga. Zai yi kuka, zai yi kumfa, amma zai gaji ya sauka.

Nan ne mutane suka fi ɓata aikin. Da zarar gwiwarsa ta taɓa ƙasa, saki akala nan take. Sakin nan shi ne ke gaya masa ya yi daidai. In ka ci gaba da ja bayan ya durƙusa, me ya samu? Sai ya koyi cewa durƙusawa ba ta raba shi da wahala, gobe ya fi yau taurin kai. Idan ya kwanta gaba ɗaya, shafa wuyansa, ba shi ɗan dusa ko kanwa, ya ɗan jima kafin ka tashe shi da wani sauti dabam. Minti 10 zuwa 15 safe da yamma sun isa. Duka kuwa a bar shi, raƙumi yana riƙe abu, kuma yana cizo, yana harbi ta gefe.

In bayan duk wannan har yanzu yana ƙi, duba gwiwoyi da ƙirji ko akwai rauni ko kumburi, ka nemi likitan dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ke nan tun 1924, ba nisa gare ka.

Batun yara, kada ka yi gaggawa. Ɗan shekara uku bai gama ƙwari ba, kuma raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi, yakan wurga mahayi gaba. Sai ya saba da sirdi da babban mutum tukuna. Namiji kuma in ya balaga yakan yi zafin rai da hunturu, lokacin barbara, a nisanta shi da yara.