Amsa ga mai tambaya kan azurfar da ta gada

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce kakarki mutuniyar Abzin ta bar miki abin wuya da mundaye biyu na azurfa, ana kuma ba ki shawara ki kai a narka ki cika kuɗi ki sayi gwal. Allah ya jiƙan tsohuwa. Ni dai ina roƙonki ki dakata. Na daɗe ina sarin kayan azurfa a hannun maƙeran Agadez, sana'ar kuma ta kai ni har Maroko, kuma na sha ganin waɗanda suka narkar suna cizon yatsa.

Mai awo nauyi kawai zai biya, giram-giram. Azurfa kuwa ba ta kama ƙafar gwal a farashi ba, mundayen nan biyu da ƙyar su saya miki ɗan siririn zobe. Aikin hannun da ke jikinsu, wanda shi ne ainihin darajar, ya tafi cikin wuta ke nan.

Da kin taɓa zama a rumfar inadan, wato maƙeran Abzinawa, da kin gane abin da nake nufi. Maƙeri yana zaune a ƙasa, uwar maƙera 'yar ƙarama an kafa ta cikin rairayi, yaro yana zuga wuta da zuga-zugin fatar akuya. Zai fara ƙera siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce sai ya fasa yumɓun. Shi ya sa ba za ki samu biyu da suka zama ɗaya sak ba, don kowane mazubi sau ɗaya yake aiki. Bayan nan ne babban aikin yake: goga da magagari, da zane layi bayan layi da ɗan tsinken ƙarfe. Tsofaffin kuma yawancinsu daga kuɗi aka narko su, musamman dalar Ostiriya mai hoton Mariya Tereza, wadda duk wadda aka buga bayan 1780 ma shekarar 1780 ce a jikinta. Tana da nauyin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa ce, kuma ayarin raƙuma ne ya riƙa shigo da ita.

Kin tambayi dalilin da ya sa azurfa ba zinariya ba. Abzinawan da suna ganin zinariya ba ta da sa'a, azurfa kuwa fara ce mai albarka, suna kafa hujja da cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne. Amma akwai dalilin rayuwa ma. Mutanen da ke tashi da dabbobi ba su da inda za su ajiye dukiya sai a jikinsu. Abin da ke wuyan mace da hannunta nata ne, daga kayan aurenta ko daga uwarta, miji ba shi da iko da shi. In fari ya kashe dabbobi, kamar na 1973 da na 1984, shi ake ɓallewa ɗaya-ɗaya a sayi hatsi. Da yawa daga kyawawan kayan da ke Turai yau ta wannan hanyar suka fita, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tsallake waɗannan shekarun ya iso hannunki, ki san an yi masa riƙo.

Haka abin yake wajen 'yan'uwansu Amazigh na arewacin Afirka. A kudancin Maroko garin Tiznit ne cibiyar maƙeran fari. Can na ga tizerzai, manyan allurai biyu masu kusurwa uku da sarƙa ta haɗa su, waɗanda mace ke maƙale mayafinta da su a kafaɗu, don tufafin da ba ɗinki gare shi ba. Matan birane irin su Fas gwal suke sakawa, azurfa ta mutanen duwatsu da ƙauye ce. Maƙeran can da yawa Yahudawa ne, da suka bar ƙasar a shekarun 1950 da 1960 wasu salon aikin suka bi su. A Aljeriya kuwa, ƙauyukan Ath Yenni na yankin Kabiliya sun shahara da azurfa mai launin shuɗi da kore da rawaya, a dasa jan murjani a tsakiya. Suna da wani faifan ado, tabzimt, da mace kan ɗaura a goshi in ta haifi ɗa namiji.

Sai dai ki yi hattara da labaran 'yan kasuwa, mu ma ɗin. Za ki ji an ce gicciyen Agadez, wato sanannen abin wuyan nan mai siffar gicciye, uba ne ke bai wa ɗansa yana cewa ga kusurwoyin duniya huɗu. Daɗin ji gare shi, kuma yana sayar da kaya ga baƙi, amma ni a wuyan mata na saba ganinsa. Yau ma 'yan matan Agadez gwal suke so, balle tun da aka gano zinariya a Djado, can arewacin Nijar, a 2014. Har gicciyen ake ƙerawa da gwal.

Don ki san abin da ke hannunki, duba kunnen da zare ke bi. Tsohon kaya za ki ga wurin ya cinye ya yi sumul, zanen gefe ya dushe saboda gugar fata. Azurfar gaske baƙi take yi in ta daɗe, farin ƙarfen da ake kwaikwayo da shi kuwa yakan ja zuwa rawaya ko kore, yana kuma sa wasu ƙaiƙayi. Maganaɗisu ba ya raba gardama, don wani jabun ma ba ya kamawa. Ki kai wa maƙerin fari ya goga a dutse ya gwada a gabanki, kada ki bar masa ya kwana. Wajen wanki, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ban da toka, ban da yashi, ban da lemun tsami in akwai murjani a jiki, domin tsami yana cinye shi. Baƙin da ya zauna cikin ramukan zanen ki bar shi, shi ke fito da adon.

In da hali ki ɗauko hoton gaba da baya ki turo mana, da na kunnen zaren kusa-kusa, sai mu duba ko aikin Agadez ne ko na Ingal ko na Tawa.